Jirgin Adimiral Abdulƙadiri

Shekara talatin da ɗaya Abdulƙadiri ya yi yana aikin sojan ruwa, kuma a iya sanin 'yan gidansu bai taɓa kwana a kan ruwa ba. Aikinsa a Legas kula da sito ne, inda ake ajiye kaki da takalma da huluna. Ya yi ritaya da muƙami daidai gwargwado, ba babba ba, ba kuma abin kunya ba. Amma ranar da ya dawo Kontagora, wani maroƙi ya hango fararen kaya da anini a kafaɗa, sai ya ɗaga murya ya ce, "Ga Adimiral! Ga mai teku da abin da ke cikinta!" Abdulƙadiri ya juya ya dube shi, ya yi murmushi, bai gyara masa ba. Kafin sati ya zagayo an rubuta sunan da shuɗin fenti a ƙyauren gidansu.

Gidan kuwa ba ƙaramin gida ba ne. Kakansu hakimi ne, kakan kakansu kuma yana cikin waɗanda aka kafa garin da su. Zauren da kakan kakan nasu ya gina yana nan tsaye, kaurin bangonsa ya kai kamu biyu. Mai riƙe da gidan ita ce yayar Abdulƙadiri, Hajja Nana, wadda ta dawo bayan rasuwar mijinta. Ita ta goye shi yana jariri, don haka aninin kafaɗarsa ba ya ba ta tsoro.

Kullum bayan la'asar Adimiral zai sa a fito masa da kujera ƙofar zaure, maƙwabta su taru, ya shiga ba su labarin yadda ya yi arangama da 'yan fashin teku. Makon farko 'yan fashin su bakwai ne. Kafin wata ya ƙare sun kai arba'in.

Wata rana Hajja ta leƙo daga ciki ta ce, "Ƙadiri, ba bakwai ka ce ba kwanaki?"

Ya ce, "Yaya, na gaban jirgi na ƙirga a lokacin. Yau na haɗa da na baya."

Cikin masu zama wurin akwai Sirajuddeen, wanda ya taɓa jagorantar yaƙin neman zaɓen 'yan takara biyar, duk biyar ɗin suka faɗi. Shi ya fara cewa, "Ranka ya daɗe, mutumin da ya juya teku, ga kuma jinin sarauta, ai bai kamata a ce yana zaune ƙofar gida ba. Kujerar majalisar jiha tana nan tana jira."

Adimiral ya shafa gemu ya ce dama tunanin da ya kwana da shi ke nan.

Sirajuddeen ya zayyana masa yadda abin yake. Zaɓen fid da gwani za a yi a jam'iyya, deliget ɗari da ashirin ne za su kaɗa ƙuri'a. Na cikin gari sun rabu biyu tsakanin Adimiral da abokin takararsa, Malam Abdulgafar, wani tsohon hedimasta mai sanyin magana. Waɗanda za su raba gardama su ne mutum ashirin da uku na Tungan Rimaye, can ƙetaren kogi idan an bar hanyar Nasko. Da damina kogin cika yake yi, ba su da hanyar fitowa sai kwalekwalen wani dattijo Andarawus, mai ɗaukar mutum huɗu-huɗu.

Adimiral ya miƙe tsaye. "Kwalekwale? Ni, a kawo min masu zaɓena cikin ɓawon itace? Jirgi zan ƙera. Jirgin ƙarfe. In kwaso su gaba ɗaya da safiyar zaɓe, da kiɗa da tuta, garin nan ya ga abin da ake kira aikin ruwa."

Aka kira Fidelis mai walda, wanda ya yi suna wajen ƙera ƙyamare da tankunan ruwa. Adimiral ya shimfiɗa masa zanen da ya yi da hannunsa a bayan kalanda. Fidelis ya duba, ya juya takardar, ya sake dubawa.

Ya ce, "Oga, ni tanki na saba yi. Shi tanki, ruwa a ciki yake."

Adimiral ya ce, "To wannan ruwa a waje zai kasance. Duk walda ɗaya ce. Ka juya tunaninka kawai."

"A shagona za a yi?"

"A tsakar gidana. Sirrin soja ne. Ba na son mutanen Abdulgafar su sace min fasaha."

Sati uku ana bugun ƙarfe a tsakar gida. Sirrin soja ya kai har bakin kasuwa, don ba mai wucewa ta unguwar bai ji ƙara ba. Kajin Hajja suka daina ƙwai. Tartsatsin wuta ya huda mata zannuwa biyu a kan igiya. Da ta yi magana, Adimiral ya ce kowace nasara da asararta. Ta ce ita asarar take gani, a nuna mata inda nasarar take.

Aka gama. Jirgi ya tashi ƙafa talatin, an shafe shi da farin fenti, an rubuta masa suna Guguwar Teku, an dasa masa dogon ƙarfe na tuta. Inji kuwa, na niƙan hatsi Fidelis ya gyara ya ɗaura masa farfela. Adimiral ya zagaya shi sau uku, har da ƙwalla. Sai Fidelis ya dubi jirgin, ya dubi ƙofar zaure, ya cire hularsa ya sosa kai.

"Oga, ta ina zai fita?"

Aka kawo awo aka gwada a tsaye, aka gwada a kwance, aka gwada a karkace. Jirgi ya fi ƙofa faɗi da kamu uku.

Adimiral ya ce, "A fasa zauren."

Hajja Nana ta shiga ɗaki. Ta ɗauko tabarma da carbi ta shimfiɗa a tsakiyar zauren ta zauna. Ta ce, "Bismillah. A fara ta kaina."

Kwana huɗu tana nan, can ake kai mata abinci. Rana ta biyar aka aiko daga Rijau cewa 'yarta ta haihu, dole ta tafi. Kafin ta hau mota ta kama hannunsa ta ce, "Ƙadiri, ka rantse ba za ka taɓa ƙofar nan ba."

Ya rantse. Bai kuwa taɓa ƙofar ba. Bangon gefenta ya sa aka rushe.

Da ta dawo ta tarar da wawakeken rami inda kakanta ke zama yana sauraron ƙara. Awakin maƙwabta suna shiga suna fita abinsu. Ta daɗe tsaye, sannan ta ce, "Zauren nan ya ga yaƙi, ya ga yunwa, ya ga Turawa, yana tsaye. Ashe kai yake jira."

Ya ce, "Yaya, in na shiga majalisa da marmara zan gina shi."

"In ka shiga."

Aka ɗora jirgi kan tirela ana jajibirin zaɓe, aka ratsa gari da kiɗa. Adimiral na tsaye a kansa yana sara wa jama'a, har da waɗanda ba su kalle shi ba. A kwanar farko ƙarfen tuta ya kamo wayar lantarki ya tsinke ta. Mutanen layin ba su lura ba sai bayan kwana uku, don dama sun saba da rashin wuta. A kwana ta biyu ƙarfen ya yayumo rumfar wani mai shayi, aka tafi da ita har bakin kogi tana lilo, mai shayin na bin su a kan babur yana kiran sunan uban direba.

Da safiyar zaɓe kogi ya cika ya yi ja. Mutane sun yi dafifi a gaɓa biyun. Andarawus ya ɗaure kwalekwalensa ya tako a hankali. Dattijo ne Bakambare, shekara arba'in yana fito a wannan mashigi. Ya zagaya Guguwar Teku, ya ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa, ya kasa kunne kamar mai sayen kankana.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, abin naka yana da nauyi. In za ka ƙetare, kar ka miƙe kai tsaye. Akwai tudun yashi a tsakiya, bana ya ƙara girma. Ka bi ta hagu har daidai ɓauren can, sannan ka juyo."

Adimiral ya yi dariya ya dubi jama'a. "Kun ji? Ni za a koya wa ruwa. Dattijo, na ratsa tekun da ba a ganin ƙarshensa."

Andarawus ya ce, "To ai wannan ana ganin ƙarshensa, ranka ya daɗe. Tsakiyarsa ce ba a gani."

Aka tura jirgi cikin ruwa, ga mamakin kowa bai nutse ba. Wanda ya fi kowa mamaki Fidelis ne, har ya yi alamar gicciye. Shi ya riƙe sitiyari a tafiyar farko, ya kuma bi ta hagu har daidai ɓauren. Suka isa Tungan Rimaye lafiya. Adimiral ya sauka ƙirji a gaba, ya ce wa Sirajuddeen a rubuta ranar nan a tarihi.

Sai Fidelis ya matso. "Oga, ni a kwalekwale zan koma."

"Saboda me?"

"Ina son in ga yadda walda ta zauna daga waje."

Adimiral ya ce ya tafi, dama lokaci ya yi da jirgi zai ji hannun ubangidansa.

Shugabar matan deliget, Rhoda, mace ce ƙaƙƙarfa mai noman masara, muryarta kuma tana ƙetare kogi ba lasifika. Tun jiya ta baza labari cewa jirgin kyauta zai zo, ga shi kuma ranar kasuwa ce. Don haka ba deliget ashirin da uku kaɗai suka zo ba. Sun zo da buhun masara goma sha ɗaya, da awaki shida, da kwandon kaji, da babur guda wanda ya lalace za a kai gyara.

Adimiral ya ɓata rai ya ce, "Wannan jirgin yaƙi ne, ba motar kasuwa ba."

Rhoda ta ce, "To ranka ya daɗe, in masarata ba ta shiga, ƙuri'ata ma ba ta shiga."

Sirajuddeen ya raɗa masa cewa kowane buhu akwai ƙuri'a a bayansa. Aka loda. Jirgi ya yi ƙasa har ruwa ya kusa lasar sunansa.

Duk da haka ba a tashi ba. Adimiral ya busa usur ya sa deliget suka yi layi, ya koya musu sarawa, sannan ya yi jawabi. Ya yi bayanin asalin gidansu, ya yi na 'yan fashin teku, waɗanda a ranar suka kai saba'in. Ya ce da zarar ya shiga majalisa zai kafa wa Kontagora rundunar ruwa tata ta kanta. Ya rufe da cewa, "Kada kowa ya ji tsoro. A ƙa'idar aikinmu, ko me ya faru, shugaban jirgi shi ne na ƙarshen fita."

Wani tsoho ya ce, "Me kuma zai faru?"

Sirajuddeen ya dubi agogo ya ce, "Ranka ya daɗe, sha biyu ake rufe zaɓe."

Aka tayar da inji, ya yi irin ƙarar da ya saba yi in an zuba masa dawa. Adimiral ya kama sitiyari ya miƙe kai tsaye. Andarawus na biye a kwalekwale tare da Fidelis, yana ɗaga hannu yana ihu, "Hagu! Hagu!"

Adimiral ya ce, "A jirgin ruwa ba a cewa hagu!" Ya tsaya tuno yadda ake cewa, bai tuno ba. Ya murɗa sitiyari da ƙarfi, sitiyarin ya cije. Guguwar Teku ta fara juyawa a wuri guda. Ta zagaya sau ɗaya, mutanen gaɓa suka yi tafi, sun ɗauka wasa ne irin na gwanaye. Ta zagaya sau biyu, sau uku. Awaki suka fara kuka. A zagaye na biyar fuskar Adimiral ta sauya launi. Ya saki sitiyari, ya cire farar hularsa mai anini, ya mayar da kunun safe a cikinta.

Rhoda ta ce, "Ranka ya daɗe, lafiya?"

Ya ce, "Ruwan nan ne ba shi da gishiri. Jikina bai saba ba."

Bai rufe baki ba sai ji aka yi gurum! Jirgi ya hau tudun yashi ya karkace. Buhuna suka gangaro, babur ya faɗi kan kwandon kaji, kaji suka tashi sama. Wata walda ta ɓalle daga ƙasa, ruwa ya fara tsartuwa kamar an buɗe famfo.

Rigar ceto guda ɗaya ce a jirgin, tana rataye don ado. Kafin kowa ya ankara Adimiral ya fizge ta ya zura, ya busa usur, ya ce, "Kowa ya yi ta kansa!" Ya daka tsalle ya faɗa ruwa.

Sai ihu. "Na nutse! Jama'a na nutse! La'ilaha illallahu! A gaya wa Yaya ta yafe min zaure!" Yana dukan ruwa da hannu biyu, ido a rufe.

Rhoda ta tattare zaninta, ta zuro ƙafa ta sauka a gefensa. Ruwan bai wuce gwiwarta ba. Ta tsaya tana kallonsa, hannu a ƙugu.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, miƙe tsaye."

"Na nutse!"

"Na ji. Miƙe tsaye ka ƙarasa nutsewar."

Ya buɗe ido ɗaya. Ya ga gwiwar Rhoda. Ya ga gaɓa biyu cike da mutane, kowa ya ɗaga waya sama. Ya miƙe a hankali, ruwa na zuba daga aljihunsa, ya gyara rigar ceto ya ce, "Zurfin nake aunawa. Dole shugaba ya auna da kansa."

Tudun ba zurfi, amma gaba da bayansa ruwa ne mai cin mutum. Ba mafita sai kwalekwale. Andarawus ya matso ya fara kwasar mutane huɗu-huɗu. Adimiral ya ɗaga ƙafa zai shiga sahun farko, dattijon ya tare shi da sandar tuƙi cikin ladabi.

"Ranka ya daɗe, da kunnena na ji ka ce shugaba ne na ƙarshe. Ba zan ɓata maka ƙa'idar aiki ba."

Aka kwashe mata. Aka kwashe maza, Sirajuddeen na cikinsu, ya ce zai yi gaba ya riƙe masa wuri. Aka kwashe masara. Adimiral ya sake matsowa, Andarawus ya ce saura awaki. Haka ya tsaya a tsakiyar kogi, rana na dukansa, yana kallon awaki suna wucewa biyu-biyu. Babur ma sai da aka ɗauke shi.

A bakin gaɓa kuwa motar da Sirajuddeen ya ce ya tanada ba ta zo ba. Malam Abdulgafar da ya ji labari sai ya turo bas biyu, ba tare da wani jawabi ba, har da ruwan sha da burodi. Deliget suka isa saura minti goma a rufe.

Adimiral ya iso bayan ƙarfe ɗaya a bayan ɗan acaɓa, takalmi ɗaya a ƙafa, fararen kayan sun koma ruwan ƙasa. Hoton nutsewarsa ya riga shi isa. Yana shiga ɗakin taro wani daga baya ya ce, "Miƙe tsaye!" Ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya.

Aka karanta sakamako. Malam Abdulgafar, ɗari da goma sha bakwai. Adimiral Abdulƙadiri, uku. Ya waiga neman Sirajuddeen, ya hango shi a sahun gaba sanye da hula mai hoton Abdulgafar, yana tafi fiye da kowa.

Adimiral ya ƙwace makirufo. "Ban yarda ba! An yi min zagon ƙasa! Da na ƙetare da safe ba yashi a kogin nan. Wani ne ya zuba!"

Rhoda ta miƙe ta ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Ni na gan shi. Da cokali ya riƙa ɗiba."

Har jami'in zaɓe sai da ya kifa kai a kan tebur. Aka rasa mai iya rufe taro da addu'a.

Sati biyu Adimiral bai fito ƙofar gida ba, ko da yake da ramin da ke bango duk mai wucewa yana hango shi zaune a tsakar gida. Bayan babban zaɓe, Malam Abdulgafar, wanda ya ci kujerar, ya zo da kansa ya gaishe shi. Mutum ne mai ganin girman tsofaffin gidaje. Ya ce ya kafa kwamitin kula da ruwa na mazaɓa, yana roƙon Adimiral ya shugabance shi. Aikin dai zagayawa ne a duba rijiyoyin burtsatse, a ga wadda ke aiki da wadda ta mutu.

Ran nan bayan la'asar aka fito da kujera. An wanke kaki an goge. Maƙwabta suka taru.

Adimiral ya ce, "Kun ga abin da nake faɗa muku? Shi kansa ya san ba zai iya ba sai da ni. Kujera ɗaya ya samu. Ni kuwa duk ruwan yankin nan, na sama da na ƙasa, an damƙa shi a hannuna. Ɗigo ba ya motsi sai da izinina."

Sai ga Hajja Nana ta fito ta ramin bangon, riƙe da jarka biyu. Ta dire su a gabansa.

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Tun safe ba ko ɗigo a randa. Tashi ka ba shi izini."

Ya dubi jarkokin, ya dubi jama'a, ya dubi Hajja. Ya ga ba wasa a fuskarta. Ya miƙe, ya gyara hula, ya ɗauki jarka a kowane hannu.

Ya ce, "Ku jira ni. Zan fita rangadi."